Fargabar da ke biyo bayan barin giya, da lokacin da sauƙi yake zuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani ɓangare na matsalar shan giya wanda ba kasafai ake taɓo shi ba. Duk lokacin da aka yi rubutu ko nasiha a kan barasa, maganar takan tsaya ne a kan illar da take yi wa hanta da aljihu da mutunci da zaman iyali, sannan a rufe da kira ga mashaya su yi wa kansu faɗa su daina. Kiran daidai ne, ba ni da ja a kansa. Abin da yake damuna shi ne, da zarar mutum ya amsa kiran ya ajiye kwalba, sai masu nasiha su watse suna ganin aiki ya kammala, alhali a daidai wannan lokaci ne yake shiga halin da ya fi bukatar a yi masa bayani. Sau da yawa wanda ya bar giya, musamman wanda dama yake fama da fargaba da yawan faɗuwar gaba, yakan wayi gari a makonnin farko yana tambayar kansa: an ce idan na daina zan samu natsuwa, to me ya sa hankalina ya fi tashi yanzu, kuma yaushe ne sauƙin da aka yi mini alkawari zai zo?

Wannan tambaya tana da amsa, likitoci sun san ta, kuma a ganina rashin isar da ita ga masu bukata yana cikin manyan dalilan da suke mayar da mutane ga abin da suka bari da kyakkyawar niyya. Mutumin da aka gaya masa cewa daga ranar da ya daina komai zai daidaita, idan ya ji akasin haka a jikinsa, abu ɗaya zai kawo a ransa, wato giyar ce ke riƙe da shi, kuma shi ba irin mutanen da za su iya rayuwa ba tare da ita ba ne. Da tun farko an faɗa masa cewa tsananin da yake ji sananne ne, yana da dalili, yana kuma da wa'adi, da ya fi samun ƙarfin daurewa.

Lamarin ba na mutane ƙalilan ba ne. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 400 a duniya suna fama da matsalar shan giya, miliyan 209 daga cikinsu kuma sun kai matsayin da jikinsu ya dogara da ita, sannan a shekarar 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. Hukumar ta kuma ce a wannan shekara ta 2019 mutum miliyan 301 ne suke da ciwon fargaba. Cututtukan biyu suna yawan haɗuwa a jikin mutum guda, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa, har a kai inda shi kansa mai ciwon ba zai iya tuna wanda ya riga wani zuwa ba.

Ya kamata mu faɗi gaskiya a kan dalilin da yake sa mai fargaba ya kama shan giya, domin idan muka ɓoye ta ba zai saurari sauran maganarmu ba. Giya tana kwantar da fargaba, amma na ɗan lokaci. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira GABA, wanda aikinsa shi ne lafar da jijiyoyi da rage musu zumuɗi, akwai kuma wani da ake kira gulutamet, wanda shi kuma zaburar da su yake yi. Giya tana ƙara wa na farko ƙarfi, tana danne na biyu. Shi ya sa mutumin da ƙirjinsa ke dukan uku-uku kafin ya shiga taro, idan ya kurɓa sai ya ji kafaɗunsa sun sauka, harshensa ya warware, tunanin da yake ta kai-kawo a kansa ya yi shiru. Ba ƙarya yake yi ba idan ya ce tana taimaka masa. Abin da bai sani ba shi ne ƙwaƙwalwa ba ta yarda a danne ta kullum ba tare da ta mayar da martani ba. Idan shan ya zama na yau da gobe, sai ta rage saurarar sinadarin kwantarwa, ta ƙara buɗe ƙofa ga na zaburarwa, ta kuma ƙara sakin sinadaran da jiki ke fitarwa a lokacin tsoro, duk don ta ci gaba da aiki duk da giyar da ake ɗura mata. Abin ya yi kama da mutum biyu masu jan igiya, kowa ya dage da ƙarfinsa: muddin suna ja tare ba wanda zai faɗi, amma ranar da ɗaya ya saki igiyar ba zato, ɗayan zai yi baya da ƙarfin da yake ja da shi. Ranar da mashayi ya daina, giya ce ta saki igiya, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta riga ta daina ja ba.

Hasali ma mai shan giya yana ɗanɗanar wannan hali tun kafin ya yi niyyar bari, sai dai bai gane shi ba. Yakan kwanta barci ya ɗauke shi da wuri, amma can tsakiyar dare, da giyar ta fara fita daga jini, sai ya farka firgigit, zufa ta jiƙe masa riga, bakinsa ya bushe, zuciya tana bugawa kamar wanda ya yi gudu, ga kuma wani tsoro marar dalili, ya kama lissafin abin da ya faɗa jiya da wanda ya ɓata wa rai da bashin da ake bin sa. Da gari ya waye sai ya ce fargabarsa ce ta tashi, da yamma kuma ya nemi maganinta a wurin wadda ta haddasa ta. Haka ake tafiya shekara da shekaru, adadin da yake sha yana ƙaruwa, natsuwar da yake samu tana raguwa.

Kwanakin farko bayan dainawa su ne mafi tsanani, kuma su ne masu haɗari, don haka nake roƙon masu karatu su ba wannan wuri muhimmanci. Ga wanda jikinsa ya saba da giya, alamu sukan fara bayyana tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe: karkarwar hannu, zufa, tashin zuciya, ciwon kai, rashin barci, saurin bugun zuciya, hawan jini, da fargaba mai tsanani. Sukan kai ƙololuwa a rana ta biyu ko ta uku, sannan ga yawancin mutane su fara lafawa kafin mako ya cika. Amma a cikin awa 48 na farko wasu kan faɗi suna jijjiga irin ta farfaɗiya ko da ba su taɓa yin ta ba, kuma tsakanin rana ta biyu zuwa ta huɗu wasu 'yan kaɗan kan shiga wani hali da likitoci ke kira deliriyum tiremens, inda mutum zai ruɗe, ya kasa gane inda yake, ya riƙa gane-gane da sambatu, jikinsa ya yi zafi. Wannan hali yana kisa idan ba a kai mutum asibiti da gaggawa ba. Saboda haka duk wanda yake sha kullum da yawa, ko wanda sai ya kurɓa da safe hannunsa yake daina rawa, ko wanda ya taɓa yin jijjiga ko ruɗewa a wani yunƙurin bari da ya yi a baya, ko mai haɗa giya da ƙwayoyin sa barci, ko mai wani ciwo na zuciya ko hanta, ko mace mai juna biyu, bai kamata ya yanke shan giya lokaci guda shi kaɗai a ɗaki ba. Ya fara ganin likita, ya faɗi gaskiyar adadin da yake sha ba tare da ragewa don kunya ba, domin da wannan adadi ne likita zai auna haɗarin. A asibiti akan ba da magungunan kwantar da jijiyoyi irin su diyazefam na 'yan kwanaki, ana rage su sannu a hankali, tare da bitamin B1, wanda giya ke ƙarar da shi a jiki, kuma rashinsa kan yi wa ƙwaƙwalwa illar da ba ta warkewa. Na san akwai masu ganin cewa jarumta ita ce mutum ya rantse ya daina nan take ya daure duk abin da zai biyo baya. Niyyar abin yabo ce, amma a wannan wuri jarumtar kan iya kai mutum kabari.

Idan mako na farko ya wuce, karkarwa da zufa sun tafi, sai a shiga zangon da ya fi ruɗar da mutane, domin jiki ya fara dawowa amma zuciya ba ta kwanta ba. A nan ne akwai labari mai daɗi da ya kamata kowane mai barin giya ya ji. A 1991 wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a Amurka, Sandra Brown da Michael Irwin da Marc Schuckit, sun buga sakamakon binciken da suka yi a kan maza 171 da aka kwantar domin raba su da giya. A lokacin da aka karɓe su, kashi 40 cikin ɗari suna da fargaba mai yawa fiye da kima. Zuwa mako na biyu, ma'aunin fargabar yawancinsu ya dawo daidai da na sauran mutane, kuma ya ci gaba da sauka a kowane mako da suka ƙara ba su sha ba. Da aka sake duba su bayan sun koma gida, waɗanda suka koma wa giya sun fi waɗanda suka dage yawan fargaba. Gaskiya ne waɗannan mutane suna kwance a asibiti ne, nesa da masu bin su bashi da rigimar gida da abokan shaye-shaye, saboda haka wanda yake bari a cikin hidimarsa ta kullum zai iya ɗaukar lokaci fiye da haka. Amma alƙiblar ɗaya ce: ga mafi yawan mutane, fargabar da giya ta haifar tana raguwa sosai tsakanin mako biyu zuwa huɗu, ba tare da an yi mata wani magani na musamman ba face ci gaba da ƙauracewa.

Wannan ne ya sa likitocin ƙwaƙwalwa suka ɗauki wata guda a matsayin ma'auni. A ƙa'idar da Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka take bi wajen tantance cututtuka, idan alamun fargaba suka ci gaba da tsananinsu bayan kimanin wata ɗaya da daina sha, ko kuma tarihin mutum ya nuna ya fara fama da su tun kafin ya san giya, to ana ɗaukar cewa ciwo ne mai zaman kansa wanda giya ta lulluɓe, ba ita ta haife shi ba. Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai ga mai bari, domin yana ba shi ranar da zai tsaya ya duba kansa. Kafin watan ya cika, abin da yake ji mai yiwuwa ne ragowar giya ce, haƙuri da kulawa za su kawar da shi. Bayan watan kuma, idan har yanzu yana kasa fita cikin mutane, ko tsoro yana turnuƙe shi ba dalili har ya ji kamar numfashinsa zai ɗauke, ko zullumi ya hana shi aiki, to kada ya ce barin giya bai yi masa rana ba. Abin da ya faru shi ne ciwon da yake ɓoye shekara da shekaru ya fito fili, kuma yanzu ne za a iya yi masa magani na gaskiya. Ba kuma dole ba ne kowa ya jira wata ya cika. Wanda ya san tun yana yaro yake da wannan ciwo, ko wanda abin ya yi masa tsananin da ba zai iya jurewa ba, likita zai iya fara yi masa maganin matsalolin biyu a tare. Wanda kuwa ya fara jin rayuwa ta ishe shi har yana tunanin halaka kansa, nasa ba na jira ba ne ko na kwana ɗaya, a kai shi asibiti a ranar.

Akwai kuma abin da yake biyo bayan watan farko, wanda ba a cika shirya wa mutane shi ba. Sauƙi ba ya zuwa a miƙe. Mutum zai iya samun kwanaki yana jin kamar an sauke masa kaya, har ya fara tunanin ya gama warkewa, sai kuma ya wayi gari rai a ɓace, ba abin da yake burge shi, ƙaramar magana ta harzuƙa shi, tsohon tsoron nan ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Wannan hawa da sauka kan ɗauki watanni, yana raguwa a hankali, kwanakin ƙunci suna ƙara nisa da juna suna kuma ƙara gajarta. Barci shi ne yake jinkirin dawowa fiye da komai. Giya tana danne zangon barcin da ake yin mafarki a cikinsa, don haka da an daina sai mafarkai su dawo da ƙarfi, wasu masu ban tsoro, wasu kuma mutum ya ga kansa yana sha ya farka cikin nadama kafin ya gane mafarki ne. Rashin barci mai kyau kan iya kai wata da watanni, kuma likitoci sun daɗe da lura cewa yana cikin abubuwan da suke mayar da mutane ga giya, saboda haka bai kamata a raina shi ba, a kai kukansa ga likita kamar yadda ake kai na kowane ciwo.

Wani ɓangare na fargabar wannan lokaci kuma ba na sinadarai ba ne ko kaɗan, kuma ina ganin rashin adalci ne a gaya wa mutum cewa duk abin da yake ji aikin ƙwaƙwalwa ne kawai. Wanda ya yi shekaru yana sha, ranar da idonsa ya washe zai tarar da bashin da ya tara, da aikin da ya yi sakaci da shi, da matar da ta daɗe tana haɗiye fushi kuma sai yanzu ta samu wanda za ta faɗa wa yana cikin hayyacinsa, da 'ya'yan da suka girma suna ɗari-ɗari da shi. Duk wanda ya dubi irin wannan tarin matsala dole gabansa ya faɗi, kuma faɗuwar gaban nan alama ce ta lafiya. Ba ta tafiya da cikar wata ko shekara, sai da gyaran abubuwan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a son mutum ya ɗauko su duka a makon farko don neman wanke kansa.

Na taɓa zama kusa da wani bawan Allah a irin wannan lokaci, kuma abin da na lura da shi shi ne, shi ne na ƙarshe da ya gane yana samun sauƙi. Kullum ka tambaye shi sai ya ce jiya i yau. Amma mu da muke gefe muna ganin hannunsa ya daina kaɗa kofi idan ya ɗauka, ya fara zama har a gama hira ba ya miƙewa yana zagaye ɗaki, kuma wayarsa da a da idan ta yi ƙara sai ya zuba mata ido har ta katse saboda tsoron wanda yake kira, yanzu yana ɗauka ya amsa. Mai fargaba yana auna kansa ne da mafi munin sa'ar da ya shiga a ranar, ya manta da sauran sa'o'in. Shi ya sa shawarar da masu ba da magani suke bayarwa take da amfani, wato mutum ya riƙa rubuta wa kansa maki daga 1 zuwa 10 kowane dare a kan yadda fargabarsa ta kasance, da awannin da ya yi barci, sannan ya kwatanta mako da mako, kada ya kwatanta yau da jiya. Takarda ba ta mantuwa, kuma sau da yawa ita ce take nuna masa saukar da zuciyarsa ta ƙi yarda da ita.

Babbar jarrabawa ita ce tunanin kofi ɗaya kacal don a samu a runtsa. Kofin zai yi aikinsa na daren, wannan ba a musu, amma washegari fargabar za ta dawo da ƙari, kuma aikin daidaitawar da ƙwaƙwalwa ta faro zai koma baya. Daɗin daɗawa, tun a 1978 wasu likitoci biyu a Amurka, James Ballenger da Robert Post, suka jawo hankali ga cewa yawan bari da komawa yana sa kowane sabon bari ya fi na baya tsanani, har haɗarin jijjiga ya ƙaru. Ban faɗi haka don in karya gwiwar wanda ya zame ba. Zamewa abu ne da yake faruwa ga mutane da yawa kafin su tsaya da ƙafafunsu, kuma makonnin da mutum ya yi ba ya sha ba su tashi a banza ba, hantarsa ta huta, ya kuma koyi abin da bai sani ba game da kansa. Abin da nake nufi shi ne wanda ya zame ya gaggauta komawa ga likitansa ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya ɓuya har kofi ɗaya ya zama wata guda, kuma kada ya sake yunƙurin bari shi kaɗai yana ganin ai ya saba.

Game da magani, ciwon fargaba yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi jin magani. Akwai hanyar tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, inda ake koya wa mutum ya gane tunanin da yake hura masa wutar tsoro, ya gwada shi da hujja, sannan ya riƙa tunkarar abin da yake gudu kaɗan-kaɗan har jikinsa ya koyi cewa ba abin da zai same shi. Ga wanda ya saba shiga taro da taimakon giya, wannan koyo ne na abin da bai taɓa yi da idonsa biyu ba, kuma karon farko yana da wuya. Akwai kuma magunguna irin su satralin da danginsa, waɗanda ba sa sa maye, amma sai an yi mako biyu zuwa shida ana sha kafin a ga amfaninsu, wani lokaci ma su ɗan ƙara fargabar a kwanakin farko, abin da yake sa marasa haƙuri su watsar da su tun ba su fara aiki ba. Domin rage ƙishirwar giyar kanta akwai naltirekson da akamfuroset, waɗanda aka daɗe ana amfani da su amma mutane da yawa ba su ma san da su ba. Duk waɗannan likita ne yake rubuta su bayan ya duba lafiyar hanta da ƙoda da sauran magungunan da mutum yake sha.

Inda nake so a yi hattara shi ne ƙwayoyin nan na kwantar da hankali da sa barci, dangin diyazefam. Su ne suke ceton rai a makon farko a hannun likita, su ne kuma suke zama sabon bala'i idan mutum ya ci gaba da sayensu da kansa, domin a wuri ɗaya suke aiki da giya a cikin ƙwaƙwalwa, jiki yana sabawa da su kamar yadda ya saba da ita, barinsu yana da irin haɗarin barinta, haɗa su da ita kuma yana iya tsayar da numfashi. Haka nan wanda ya bar kwalba ya koma wa kodin ko tiramadol ko tabar wiwi don ya samu natsuwa, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Sauran abubuwan taimako sanannu ne, ba sai na tsawaita ba: kwanciya da tashi a kan lokaci ɗaya kullum, tafiyar ƙafa ko wani motsa jiki har a ɗan yi zufa, rage abubuwan sha masu sinadarin kafeyin, irin su shayi da gahawa, musamman da yamma, da rashin barin ciki da yunwa. Idan tsoro ya taso gadan-gadan, yana da kyau mutum ya san cewa irin wannan farmaki yakan kai iyakarsa cikin kimanin minti goma sannan ya fara sauka da kansa, kuma jan numfashi a hankali tare da tsawaita fitar da shi yana taimakawa. Ita ma ƙishirwar giya haka take, tana tasowa ta yi ƙarfi ta kuma lafa idan ba a biya mata ba. Abin da ya fi waɗannan duka, a nawa ganin, shi ne kada mutum ya zauna shi kaɗai da sirrinsa. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ta mashaya masu taimakon juna su daina, wadda Bill Wilson da wani likita mai suna Bob Smith suka kafa a garin Akron na jihar Ohayo a 1935, a kan wannan fahimta aka gina ta, cewa wanda ya bi ta hanyar ya fi kowa iya riƙe hannun mai bin ta yanzu. Inda babu irin wannan ƙungiya, amintaccen mutum ɗaya da za a iya kira da tsakar dare ba tare da ya yi gori ba yana iya tsayawa a madadinta.

Su kuma iyali da abokai, nasu aikin ya fi na kowa wuya, domin su ne aka cutar, kuma yanzu su ake roƙo su ƙara haƙuri. Ba na cewa su manta da abin da ya wuce. Ina dai roƙonsu su sani cewa mutumin da ya bar giya mako biyu da suka wuce, yana ta faɗa da kowa, ba ya barci, yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi, ba raki yake yi ba, ba kuma hujjar komawa yake nema ba. Kalmomi irin su "ai kai ka jawo wa kanka" ko "to yanzu da ka daina me kuma ya rage" suna iya rusa aikin makonni. Ya fi amfani a tambaye shi yadda ya kwana, a raka shi wurin likita, a kawar da giya daga inda idonsa zai gan ta, kuma idan an ga wani canji mai kyau, komai ƙanƙantarsa, a faɗa masa, tun da shi ba ya gani.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne duk lokacin da jaridar nan za ta buga kira ga mashaya su daina, a haɗa da gargaɗin cewa wanda ya daɗe yana sha da yawa ya fara ganin likita kafin ya yanke, a kuma faɗa masa cewa fargabarsa za ta iya ƙaruwa a makon farko, ta fara sauka cikin mako biyu zuwa huɗu, wadda ta wuce wata guda kuma a kai ta asibiti. Zai yi kyau kuma a gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu a kan wannan batu ba tare da an buga sunayensu ba, domin da yawa daga masu wannan tambaya ba za su taɓa yin ta a gaban wanda ya san fuskarsu ba.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku